Me ya sa tsofaffin 'yan PSP ke ƙin gem ɗinsu idan ya koma waya?

Tambaya daga wani matashi a Asawase, Kumasi:

"Salamu alaikum Masta. Tun ina ƙarami nake ganin yayana yana buga GTA Liberty City Stories a PSP ɗinsa, ba ya ba ni sai in ya gaji. Kwanan nan na gan shi a Play Store. Da na kai maganar majalisarmu ta ataya sai gardama ta kaure. Waɗanda suka buga shi a PSP suka ce kada in ɓata kuɗina, wai na waya ba shi ba ne, an lalata shi. Na duba ra'ayoyin masu saye, nan ma haka: wani ya ba shi tauraro 5, na ƙasa da shi ya ba shi 1. To Masta, me ke kawo wannan fushin? Da gaske an lalata gem ɗin, ko dai ƙyashi ne don yanzu kowa na iya samu? In saya ko in haƙura? Infinix nake riƙewa."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka.

In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko fushin da tsofaffin masoya ke yi idan aka ɗauko gem daga na'urar hannu aka kawo shi waya yana da tushe, da kuma ko wannan fushin ya isa ya hana ka saye. Sana'ata gyaran waya da na'urorin gem a Adum, kafin nan na riƙe shagon buga gem a Aboabo, saboda haka gardamar nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da na tsaya a kai shi ne, yayyenka sun yi gaskiya a abu ɗaya babba, wato yadda gem ɗin ke zama a hannu. Sauran ƙorafin kuwa gauraye ne. Wani daga wasu gem aka kwaso shi aka jingina wa wannan, wani laifin wayar mai ƙorafin ne, wani kuma kewar ƙuruciya ce.

Sony ta fito da PSP, na'urarta ta buga gem a hannu, a Japan a ƙarshen 2004, shekarar da Nintendo ma ta fito da tata mai suna DS. Liberty City Stories ya zo a 2005 daga kamfanin Rockstar, kuma don PSP aka gina shi tun daga tushe. Labarin Toni Cipriani ne, a birnin nan da aka riga aka sani a GTA III. A wancan lokacin, a ce ga birni sukutum da motocinsa da gidajen rediyonsa a cikin aljihun wando, abin mamaki ne. Yawancin PSP da suka shigo zangon nan na hannu ne, ko ɗan'uwa ya aiko daga Jamus ko Ingila ko Amurka, ko an tsinto cikin kayan gwanjo. Duk wanda ya mallaki ɗaya, yaran layi kan yi masa zobe.

Sai iPhone ta zo a 2007, App Store da wayar Android ta farko suka biyo a 2008. Kamfanonin gem suka ga masu waya sun ninka masu PSP da DS nesa ba kusa ba, sai suka fara kwaso tsofaffin kayansu. GTA Chinatown Wars ya fito a DS a watan Maris na 2009, ya shiga iPhone a Janairun 2010. Final Fantasy III na DS ya shiga a 2011. Naka kuwa sai da ya shekara 10: iPhone a Disambar 2015, Android a Fabrairun 2016. Kusan duk wanda aka kawo cikinsu sai an yi irin gardamar da kuka yi a kansa.

Maganar hannu

PSP na da kibiyoyi huɗu a hagu, da ƙaramin analog ɗaya a ƙarƙashinsu, wato ɗan faifan da ake turawa da babban yatsa don tafiya, da maɓallai huɗu a dama, da L da R a saman kafaɗunta. Kowanne yana da tudu da gefe, idan ka danna ya nutsa ya dawo. Bayan 'yan kwanaki yatsa kan haddace mazaunin kowanne, ido ya daina leƙen hannu ya koma kan abin da ke faruwa a gem. Kamar ƙwararren mai babur ne, ƙafa ke sa giya, ido na kan titi. Gilashin waya kuwa sumul yake. Maɓallin da aka zana a kansa hoto ne kawai, yatsa ba ya jin inda ya fara da inda ya ƙare. Kana tsakiyar tsere da mota, babban yatsanka ya ɗan zame ba ka sani ba, kana zaton birki kake dannawa ashe gilashi tsura ne, sai dai ka ga motar ta rungumi bango. Mai koyo zai ɗauka rashin iyawarsa ne. Wanda ya ƙware a PSP ya san da maɓalli ne da bai yi wannan kuskuren ba, shi ya sa ransa ke ɓaci.

Na biyu, a PSP hannu yana gefe, allo yana tsakiya a buɗe. A waya wurin da kake dannawa shi ne wurin da kake kallo, manyan yatsu biyu sun rufe kusurwoyin ƙasa, mai harbinka kuma sau da yawa ta nan yake ɓullowa.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, kuma ba kowa ke lura da shi ba. A PSP yatsu huɗu ke aiki lokaci guda, manya biyu a fuska, manunai biyu a kan L da R. Kana iya tafiya da analog, ka riƙe R ka saita abokin gaba, ka harba da maɓallin da'ira, duk a numfashi ɗaya. A waya manunai sun koma aikin tallafe wayar daga baya, aikin yatsu huɗu ya dawo kan biyu. Masu mayar da gem waya sun san da haka, don haka sukan rage wa mai bugu nauyi: su sa saiti ya taimaka maka, su sa maɓallan su canza da kansu idan ka shiga mota ko ka fito, su ba ka damar matsar da su ko ƙara musu girma. Sabon shiga zai ga wannan kyautatawa ce. Tsohon ɗan wasa kuwa zai ga an sauƙaƙa wurin da shi ya sha wuya kafin ya wuce, an kuma wahalar da wurin da yake wucewa ido rufe. Idan ya ce maka "ba shi ba ne", wannan yake nufi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai dai akwai abin da 'yan majalisarku ba su faɗa maka ba. PSP ita ma tana da nata ciwon. Analog ɗaya gare ta, alhali gem irin wannan biyu yake so, ɗaya na tafiya ɗaya na juya kyamara. Duk wanda ya buga Liberty City Stories a PSP ya san yadda kyamara ke maƙalewa a lungu ana ta harbinka ba ka ganin mai harbin. Masu buga Monster Hunter Freedom Unite sun fi kowa shan wannan wahala. Sai mutum ya lanƙwasa manuninsa ya ɗora kan kibiyoyi don juya kyamara, babban yatsa na kan analog, har hannu ya ƙage. Da Capcom ta kawo shi iPhone a 2014 sai ta ƙara hanyar juyo da kyamara ta fuskanci dodon kai tsaye. A naka gem ɗin ma, a waya shafa gilashi kawai za ka yi ka waiga. Allon PSP ɗigo 480 ne a faɗi, 272 a tsaye. Na waya an ƙara masa tsabtar hoto da haske da inuwa, kana kuma hango gine-gine daga nesa fiye da da. Wannan ƙari ne na gaske, ko da tsohon masoyi ya ƙi ambatarsa.

Ba kowane gem ke asara ba

Kuskuren da ake yi shi ne yanke wa duka hukunci ɗaya. Abin dubawa shi ne me gem ɗin ke nema daga yatsa.

Duba Chinatown Wars. DS allo biyu gare ta, na ƙasa ana taɓa shi da ɗan alƙalamin roba, kuma an gina gem ɗin a kan haka. In za ka tayar da motar da ba ka da makullinta, da alƙalamin kake kwance sukurori ka haɗa wayoyin wuta. Da aka mayar da shi PSP a ƙarshen 2009, dole aka juya waɗannan ayyuka suka koma danna maɓalli, domin allon PSP ba ya jin taɓawa. Da ya zo waya sai suka koma yatsa kamar yadda aka tsara tun farko. A wannan ɓangaren, na waya ya fi na PSP kusa da asali.

Haka gem na tunani da karatu. Professor Layton and the Curious Village, na warware wasa ƙwaƙwalwa, ya fito a DS a 2007 ya shiga waya a 2018. Phoenix Wright, na lauya a kotu, karanta shaida ne da zaɓar hujja. Waɗannan ba mai kora ka, kana da lokacin duba inda za ka taɓa, don haka da wuya ka ji an yi kuka da hannunsu. Dragon Quest IV na DS da ya zo waya a 2014 an tsara shi a riƙe wayar a tsaye da hannu ɗaya, mutum na iya bugawa a cikin trotro, motar haya. Har ma an maido da hirar da abokan tafiya ke yi da juna, wadda aka cire daga na DS na Turanci. Da yawa cikin masoyansa, na wayar suke ba mutane shawarar su buga saboda wannan kaɗai.

A ɗaya gefen akwai The World Ends with You na Square Enix, wanda ya fito a DS a 2007. A cikinsa faɗa biyu kake yi lokaci guda: jarumin yana allon ƙasa kana sarrafa shi da alƙalami, abokin tafiyarsa yana allon sama kana sarrafa shi da kibiyoyi. Wahalar raba hankali biyu ita ce zuciyar gem ɗin, domin labarin kansa a kan koyon dogara da wani yake. Waya allo ɗaya gare ta, don haka a 2012 aka haɗe faɗan wuri guda, abokin ya zama wanda kake kira ya kawo ɗauki. Hoto ya fi kyau, sauti ya fi fita, sababbin 'yan wasa sun yaba, amma an cire abin da ya bambanta shi da saura. Waɗanda suka yi fushi a kan wannan ina bayansu.

Naka yana tsakanin waɗannan. Yawo a gari da bin labari ba matsala. Tsere mai ƙayyadadden lokaci da musayar wuta a wuri mai cunkoso su ne inda gilashi zai gwada haƙurinka.

Fushin da ba na hannu ba

Wani fushin tun kafin a taɓa gem ɗin ake yinsa. A watan Agustan 2012 Square Enix ta sa ƙirgen kwanaki tana nuna akwai sanarwa a kan The World Ends with You. Masoya suka sa rai kashi na biyu ne, sai ga shi tsohon ne aka kawo iPhone. Kashi na biyun sai a 2021 ya fito. Mutumin da ya daɗe yana jiran sabo aka miƙo masa tsoho a na'urar da ba tasa ba, abin da yake ji shi ne kamfanin ya juya masa baya ya bi kasuwa. Irin wannan mutum zai ba da tauraro 1 ko bai sauke gem ɗin ya buga da kyau ba.

Wani kuma na zane ne. Final Fantasy VI, wanda ya fara a Super Nintendo a 1994 daga baya ya zo Game Boy Advance, da aka kawo shi waya a 2014 an sake zana mutanen cikinsa sumul-sumul, masoya suka ce an wanke musu kamanni. Ƙorafin ya daɗe. A 2021 aka janye wancan daga kasuwa, a 2022 aka maye gurbinsa da Pixel Remaster mai kama da zanen asali.

Sai kuɗi. Final Fantasy III ya shigo iPhone a kan dala 15.99 a lokacin da yawancin gem na waya ba su wuce dala 1 ba. Super Mario Run da Nintendo ta fitar a Disambar 2016 yana barin ka buga farkonsa kyauta sannan ya nemi dala 9.99, kuma ya sha suka a kan haka. Ɓangare biyu ne ke jan igiya a nan. Mutanen waya sun saba da kyauta, kowane farashi tsada ne a wurinsu. Mutanen PSP da DS sun saba biya sau ɗaya su mallaka, tsoronsu kada a kawo musu gem ɗinsu cike da talla da sayen tsabar zinariya kowane mataki. Mu nan kuma muna da namu ƙarin: farashin da dala ake auna shi, kuma da yawanmu MoMo, asusun kuɗi na layin waya, muke da shi, ba katin banki ba.

Wanda na fi ɗauka da muhimmanci shi ne tsoron ɓacewa. Faifan UMD na yayanka, in dai bai karce ba, yau ma zai yi aiki a kowace PSP mai lafiya da ke karɓar faifai. Gem na waya rayuwarsa na hannun manhajar wayar. The World Ends with You ya daina aiki ga mutane da yawa bayan fitowar iOS 8, sabuwar manhajar iPhone, a 2014, aka cire shi daga App Store a farkon 2015, sai bayan watanni ya dawo. A 2017 iOS 11 ta daina buɗe duk tsofaffin manhajoji masu tsarin bit 32, gem da yawa da mutane suka biya kuɗi suka mutu a haka. A Android ma ka san saƙon nan da Play Store ke nunawa cewa manhajar ba ta dace da wayarka ba. Duk wanda wannan ya taɓa faɗa wa yana da hujjar jan kunnen na baya.

Maganar ƙyashi kuwa, akwai shi, amma kaɗan ne. Abin da ya fi yawa kewa ce. Liberty City Stories na PSP yana barin mutum har 6 su haɗa na'urorinsu ba tare da intanet ba su fafata, na waya babu wannan. Yayyenka ba gem kaɗai suke tunawa ba, har da zaman benci bayan la'asar, da jiran layi, da ihun wanda aka ci. Ba kamfanin da zai iya sa wannan a Play Store. Inda nake rabuwa da su shi ne idan kewar ta koma raina wanda ya zo daga baya, a ce masa shi bai buga na gaske ba. Sony ta daina fitar da PSP a 2014, ta kuma rufe shagon cikinta. Nintendo ta rufe shagon 3DS, magajiyar DS, a Maris 2023. PSP ɗin da ake kawo mini yanzu, wata batirinta ya kumbura har ya ɓalle murfi, wata ba ta karanta faifai, wata analog ɗinta na tafiya shi kaɗai, kayan gyaran kuma sai an cire daga wata matacciya. In ba don an kawo waɗannan gem waya ba, yaran zango na yanzu da labarinsu kawai za su ji.

Abin da nake gani a teburin gyara

Kaso mai yawa na masu tauraro 1 ba gem ɗin ne matsalarsu ba, wayarsu ce, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye.

Gilashin waya da ɗan lantarkin jikin fata yake gane taɓawa. Gumi na ruɗa shi. Kariyar gilashi mai kauri ko wadda ta tsage na rage jinsa, musamman a gefe-gefe, inda aka fi zana maɓallan gem. Caja marar kyau na sa waya ta riƙa taɓa kanta, kuma da yawa suna bugawa ne wayar na jone saboda tsoron ɗauke wuta. Wanda ya fi duka shi ne sikirin da aka canza. Mutum zai fasa na asali, a sa masa mai araha, WhatsApp da kira duk lafiya lau, amma da ya ɗora yatsu biyu ko uku lokaci guda sai ɗaya ya ɓace. Ana kawo mini irin wannan ana cewa gem ya lalace, in gwada a wata wayar a gaban mai ita, ya ga lafiyarsa ƙalau.

Sai zafi. Waya ba ta da fanka. Idan ta ɗumama, firosesa kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, hoto ya fara tsinkewa. Gem mai nuna hoto 30 a daƙiƙa, kowane hoto kusan kashi 33 cikin 1000 na daƙiƙa yake ɗauka. In aka fara tsallake hotuna, ga ɗan jinkirin da gilashi ke yi kafin ya kai saƙo, sai ka ji kamar motar ba ta jin magana. A zafin Fabrairu da Maris, cikin ɗaki mai rufin kwano, ga wayar cikin riga mai kauri, ba a daɗewa haka ke faruwa. Infinix da Tecno da Itel iri-iri ne, sunan kamfani kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Gem na 2016 bai kamata ya gagari matsakaiciyar waya ta yanzu ba, in dai akwai wuri a memori kuma ba a bar manhajoji da yawa a buɗe ba.

Na san wani a majalisarku zai ce me ya kai ka saye ga PPSSPP. Wannan manhaja ce da ke kwaikwayon PSP a waya, wani ɗan Suwidin mai suna Henrik Rydgård ya fara ta a 2012, kyauta ce, kuma aiki ne mai kyau. Da ita samarinmu ke buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, wanda aka yi wa kwaskwarima. Amma ka lura, ita maɓallan PSP gaba ɗaya take zubawa a kan gilashi, har L da R, ba ta san kana cikin mota ko kana ƙasa ba. Duk matsalar hannu da na lissafa tana nan, har ta fi, domin ba wanda ya sake tsara gem ɗin don yatsu biyu. Sannan manhajar daban, fayil ɗin gem daban. Wanda ake tura wa mutane a memori kwafi ne da mai shi bai ba da izini ba, ni kuma ba na loda wa kowa shi a shagona.

Ya kamata ka san ta inda nake kallon abin. Hannuna da maɓalli ya tashi, don haka ra'ayina ya karkata can. Yaran da ke koyon aiki a wurina da gilashi suka tashi. Suna buga Free Fire da PUBG da yatsu huɗu a kan sikirin, manunai a sama manya a ƙasa, abin da yayyenka ke kira wahala su ba sa ma ganinsa. In kai ma cikinsu kake, rabin abin da aka tsorata ka da shi ba zai dame ka ba. Wayarka kuma ba ta hannuna, gwaji ne zai raba gardama.

Shawarata

Ka saya, amma da sharaɗi. Fara duba ko Play Store ya yarda wayarka ta ɗauke shi, ka karanta ra'ayoyin baya-bayan nan, musamman na masu irin wayarka. Na shekarun baya ba su da amfani gare ka, gem ɗin da Android duk sun canza tun lokacin. Ka sauke shi inda akwai Wi-Fi, yana da nauyi, zai cinye maka data. In an ba da damar gwaji kafin biya, yi amfani da ita. In babu, Play Store na ba da ɗan lokaci bayan saye da za ka iya neman a maido maka kuɗinka, don haka kada ka saya ka ajiye sai gobe.

Da ka buɗe, kada ka tsaya kallon gari. Shiga saiti ka ƙara wa maɓallan girma, ka matsar da su inda yatsunka ke sauka da kansu, ka gwada hanyoyin tuƙin da aka bayar. Sannan ka ɗauki mota mai gudu ka sha kwana da ita, ka nemi faɗa ka ga ko kana iya tafiya da harbi tare. Ka ci gaba har wayar ta ɗumama, domin a nan halinta ke fitowa.

In gem ɗin ya yi maka amma yatsa na zamewa, maganin hannun gem ne mai Bluetooth. Android ta daɗe tana karɓarsu, iPhone ma tun iOS 13 a 2019 tana karɓar na PS4 da na Xbox. Da shi za ka samu analog biyu, abin da yayanka bai taɓa samu a PSP ba. Ana samunsu a Adum da Kejetia, sababbi da na hannu, amma jabu sun yi yawa. Ka je da wayarka, a haɗa a gabanka, ka buɗe gem ɗin kansa ka gwada kowane maɓalli kafin ka biya, ka saki analog ka ga ko mutumin ya tsaya cak ko yana tafiya shi kaɗai. Ka haɗa da maƙalin da ke riƙe waya a saman hannun, in ba haka ba wuyanka zai gaya maka.

Ka kuma tuna GTA na manya ne, a Turai shekara 18 aka sa masa. Akwai kisa da zagi da abubuwan da ba ka so ƙannenka su gani, Chinatown Wars ma har da cinikin ƙwaya a ciki. Kada ka miƙa wa yaro wayar ka tafi masallaci.

In ka gama shi za ka so na bayansa, Vice City Stories, wanda ya fito a PSP a 2006. Rockstar ba ta fitar da wannan a waya ba, duk da masoya sun daɗe suna roƙo. Duk wanda ya turo maka mahaɗi ya ce ga shi na Android, ko dai fayil ɗin PSP ne da sai da PPSSPP, ko kuma manhajar bogi ce da za ta nemi izinin karanta saƙonninka. Kada ka ba irin wannan izinin a wayar da MoMo ɗinka ke ciki.